Dogon Numfashin Oleta

A zamanin da Oleta Caudill take tashe, duk gidan da ke da rediyo a tsaunukan Kentucky da Tennessee, in rana ta take ranar Asabar, da cokali a hannu ake sauraronta. Lokacin ne manoma suke shigowa cin abinci, masu haƙar kwal kuma suna wanke baƙin fuska a bakin rijiya. Waƙar da aka san ta da ita ba wata doguwa ba ce. Mace ce a tsaye a baranda, hadari ya haɗo, tana kiran mijinta da ke cikin ramin kwal ya dawo gida kafin ruwa ya sauko. Amma in Oleta ta zo kan "dawo" na ƙarshe, sai ta kama shi ta ƙi saki. Ta yi ta ja, siriri kamar zare, har mai sauraro ya ji nasa numfashin ya ƙare, ita kuwa tana nan.

A nan ne Kawu Dewey Slone, tsohon da ke yi mata goge, yake yin abin da ya sa har yara suka san sunansa. Sai ya ajiye gogen a cinya, ya ciro tuffa daga aljihu, ya buɗe 'yar wuƙarsa ya shiga fere ta a hankali, ɓawon yana sauka bai tsinke ba. Mai gabatar da shiri yana raɗa wa na gida: ya kai rabi, ya kusa gindi, ga shi zai gatsa. Sai tsohon ya gatsa sannan Oleta take sauke murya. Da wannan tuffa kamfanin fulawa mai tambarin Farin Zakara, wanda ke ɗaukar nauyin shirin, ya cika kantunan ƙauyuka da buhunansa.

'Yan jarida sun sha tambayarta inda ta samo wannan numfashi. Takan ce iskar dutse ce, ta wuce abinta. Gaskiyar magana kuwa, a wurin uwarta ta ɗauko shi.

A cocinsu na kwarin Possum Fork ba a kiɗa, ba a kuma raba littafi. Dattijo ne yake jefa layin waƙa da sauri kamar mai ba da saƙo, jama'a su karɓa su shimfiɗa shi, kowace gaɓa a ja ta har ta gaji. Oleta tana ƙarama a ƙasa take zama, a gindin bencin mata, ta cusa kai cikin siket ɗin uwarta. Daga can ƙasa take jin muryar uwar tata, Delphia Caudill, tana bi ta saman ta kowa, kuma tunda take ba ta taɓa jin ta yanke ba. Ko shekarar da ramin kwal ya rufta da mahaifinta, muryar nan ba ta yanke ba. Yarinya ta sa a ranta cewa haka mace take: in ta ɗauka, ba ta ajiyewa. Ba ta tambaya ba, don Delphia ba macen da ake tambaya ba ce. In an aike ta koro saniya sai ta hau tudu ta yi ta ja da murya har ƙasa ta juya mata, ta zauna a kan dutse ta huta, ta sake tashi.

Tana da shekara goma sha bakwai ta rataya jitar da ta saya da wahalar tsinkar ganyen taba, ta ce birni za ta. Uwar tana tsaye a bakin murhu, ko juyowa ba ta yi ba. Cewa ta yi numfashin da Ubangiji ya ba mutum don yabonsa ba a kai shi kasuwa. Ta dai naɗe mata burodin masara a tsumma ta ajiye a kan tebur.

Mista Hobart Pruitt, manajan gidan rediyon, mutum ne mai hancin shinshino abin da zai sayu. Ranar da ya fara jin ta ya ɗauke ta, amma da sharaɗi. Za ta hau dandali ba takalmi, a shafa mata baƙi a haƙori ɗaya ya zama kamar giɓi, don haka 'yan birni suke son ganin mutanen dutse. Oleta ta dube shi daga hula har ƙafa.

"Yallaɓai, tun da aka haife ni nake neman takalmi. Ba zan cire shi don wani ya yi dariya ba."

Ya yi barazana, ya yi lallashi, da takalminta ta hau. In 'yan birni suka kwaikwayi yadda take tauna kalma irin ta mutanen kwari, sai ta ƙara taunawa. Ai kowa ya ga zabuwa, da zanenta ya gan ta. Shekaru suka yi ta tafiya. Ta yi fayafayai. Ta yi yawo da makaɗanta a wata tsohuwar mota, kayan kiɗa a ɗaure a bisa, su yi wasa a zauren makaranta yau, gobe a cikin tanti a filin baje kolin shanu, su yi barci a zaune, su ci wake da albasa a inda suka samu. Ko ina suka kai, Asabar da tsakar rana suna gaban makirufo, Kawu Dewey da tuffarsa a aljihu.

Tari ya fara mata a wani hunturu. Ta riƙa ɓoye hankicinta a cikin akwatin jita, har ranar da Kawu Dewey ya buɗe akwatin neman tsirkiya ya ga jini. Nan take ya juya kan mota sai gidan likita. Tarin fuka ne.

Aka kai ta asibitin masu wannan ciwo a kan wani tudu, inda magani shi ne kwanciya da shiru. Ba waƙa, ba dariya, ba ɗaga hannu sama da kafaɗa. A jera su a baranda cikin barguna ko ana zuba ƙanƙara, wai iska mai sanyi ce ke gyara huhu. Da kwanciyar ba ta yi magani ba, likitoci suka cire mata wasu haƙarƙarin hagu, suka kwantar da huhun wannan ɓangare, ba zai sake tashi ba. Matan da suka kwana kusa da ita, wasu da ƙafarsu suka fita, wasu kuwa gadonsu kawai aka wayi gari an gyara. Oleta ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Yatsunta na hagu ne kawai ba su bi doka ba, kullum suna danna tsirkiyoyin da babu a kan bargo. Sau ɗaya uwarta ta zo, da busasshiyar tuffa a jaka. Ta zauna a gefen gado daga hantsi har la'asar. Su biyun da ma ba masu magana ba ne, dokar asibitin ba ta dame su da komai ba.

Ta fi shekara biyu a nan. Ranar da aka sallame ta ba ta nufi gida ba, gidan rediyo ta nufa, kafaɗa ɗaya ta ɗan fi ɗaya sauka, da takalminta a goge.

Ta tarar da wata yarinya a gurbinta, Nadine Tackett, mai jan gashi da cingam a baki, 'yar wani mai haƙar kwal ce ita ma. Muryarta ba laifi. Waƙar "dawo" ce kawai ba ta taɓa yi ba, don Kawu Dewey ya rantse cewa gogensa ya manta ta. Mista Pruitt ya karɓi Oleta hannu biyu, ya ce a gwada ta nan take, zaure ba kowa sai Nadine da Kawu Dewey.

Baitocin farko suka fita lafiya. Muryar ma ta ƙara wani zurfi da ba ta da shi a da. Da ta zo kan kalmar nan ta cika ƙirji ta kama. Kawu Dewey ya ciro tuffa. Wuƙarsa ba ta gama zagayen farko ba muryar ta tsinke, tari ya biyo baya, ta dafa kujera.

Mista Pruitt bai ɓoye mata komai ba. Ya ce kamfanin fulawa ba Oleta suke saya ba, tuffa suke saya. Manyansu za su zo shirin Asabar ta ƙarshen wata su gani da idonsu. In ta yi waƙar yadda aka san ta, gurbinta nata ne. In ba ta yi ba, to sai haƙuri, ba shi da wurin ajiye mawaƙiyar da aka sani da abu ɗaya kuma abin ya tafi. Sannan ya rage murya ya ce akwai dabara. Za a ajiye Nadine a bayan labule da wani makirufo. Oleta ta kama kalmar, in iska ta ƙare mata Nadine ta ɗauka daga ɓoye, ita kuma ta ci gaba da buɗe baki don na cikin zaure.

"Rediyo ba ta da ido, 'yar nan."

"Wato in tsaya baki buɗe kamar kifin da aka shanya."

Nadine ta ciro cingam ta ce Allah ya sani ba ita ta kawo shawarar ba, kuma in Yaya Oleta ba ta so, ko da sanda ba za a shigar da ita bayan labulen nan ba. Kawu Dewey ya ce shi a ganinsa a koma inabi, tunda shi ba a fere shi, haƙoransa ma da ma sun gaji da tuffa. Ba wanda ya yi dariya. Oleta ta rufe akwatin jitarta ta ce ita kaɗai ta ɗauki kalmar nan tun farko, ita kaɗai za ta sauke ta, ko da kuwa a dandalin za a kwashe ta.

Ta kama ɗaki a gidan wata bazawara ta shiga gwaji, kamar yadda ta yi a kan tudu tana yarinya. Ta ja, ƙasa ta juya mata, ta zauna a bakin gado, ta sake tashi. Amma wancan lokacin kullum ƙaruwa take yi, yanzu kuwa huhu ɗaya ya tsaya inda Allah ya tsayar da shi. Wata safiya ta ga ɗan ja a hankici. Likita ya riga ya gaya mata cewa in ta matsa wa wanda ya rage, ba ta da na uku. Ta daɗe tana kallon hankicin, sannan ta ninke shi ta tashi ta sake ja.

Kawu Dewey ne ya zo ya same ta a haka. Ya ce shi ba zai fere tuffa a jana'izar kowa ba. Ya tuna mata cewa Lahadi mai zuwa ce taron tunawa da mamata a makabartar danginta, kuma rabonta da kabarin ubanta tun kafin ta san ɗanɗanon lemon kwalba. Ta ce ba ta da lokaci. Ya ce shi ma ba shi da shi, amma mota tana waje, kuma in ba ta shiga da ƙafarta ba zai ɗauke ta, yanzu ai ba ta kai nauyin buhun Farin Zakara ba.

Makabartar tana kan tudu a saman kwarin. Tun jajibere maza suka sare ciyawa, mata suka jera furannin takarda a kan kaburbura. An kafa bencuna na katako a ƙarƙashin itatuwa, maza gefe, mata gefe, can kuma doguwar rumfar abinci an lulluɓe ta da farin ƙyalle saboda ƙuda. Delphia ta dubi 'yarta, ta dubi kafaɗar da ta sauka, ta ce mata ta rame. Sai ta matsa ta ba ta wuri a kan benci, tsakaninta da 'Yar'uwa Birdie Sizemore, maƙwabciyarsu, wata gajeriyar mace mai ƙiba da ba ta rabo da mafici.

Dattijo ya jefa layi, jama'a suka karɓa. Sautin ya tashi a hankali ya cika tudun, yadda ta san shi. Oleta ba ta buɗe baki ba, don ba ta so mutanen kwari su ji abin da ya rage mata. Tunda ba ta waƙa, sai ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta zuba wa uwarta ido.

A tsakiyar gaɓa, ba a ƙarshen layi ba, Delphia ta rufe baki. Ƙirjinta ya ɗaga, ta ja iska a natse kamar mai shan ruwa, ta sake shiga. Sautin kuwa bai motsa ba. Oleta ta ɗauka idonta ne. Ta sake kallo. Kafin a gama layin uwar ta sake yi. Kuma duk lokacin da ta rufe baki, muryar nan mai bi ta saman kowa tana nan daram, sai dai daga ɗaya kunnen take shigowa, daga bakin 'Yar'uwa Birdie, wadda ke fifita tana kallon sama.

Ba ta ji wa'azi ba, ko da yake masu wa'azi uku ne suka yi ta karɓa-karɓa har rana ta karkata. Sai da aka yaye ƙyallen abinci, uwarta tana yanka burodin masara, sannan ta matsa kusa.

"Mama, na ga kin yi numfashi."

"To da gawa ce ni?"

"A tsakiyar layi nake nufi."

"Tun kafin a haife ki nake yi."

Oleta ta ce amma ita tunda take ba ta taɓa jin muryar ta yanke ba. 'Yar'uwa Birdie, da cinyar kaza a hannu, ta sa baki ba a gayyace ta ba. Ta ce ina za ta ji, bayan ita ce take toshe ramin? Tun suna 'yan mata take bin bayan Delphia kamar mai faci. In wannan ta ja iska waccan ta rufa mata. Muryarsu ɗaya ce, Delphia ce dai mai suna, don ta fi ta tsawo da ɗaure fuska. Delphia ta ce ba wani abin ɓoye ba ne, doka ɗaya ce, kuma ko yaron goye ya san ta: kada ki yi numfashi lokacin da ta kusa da ke take yi.

Oleta ta tambaya, shekarar da Baba ya rasu fa?

Wuƙar uwar ta tsaya a cikin burodi. Birdie ce ta amsa, wannan karon ba da wasa ba. Ta ce wannan shekarar, daga zubar ganye har ya sake tsirowa, baki kawai Delphia take buɗewa, ba abin da ke fita. Su ne suka riƙe mata har muryar ta dawo da kanta.

"Kowa ya sani?"

"Kowa ya sani, 'yar nan," in ji Birdie. "Sai ke da kanki yake cikin siket."

Delphia ta ci gaba da yanka. Ba ta ɗago ba ta ce ita duk lokacin da ta ji abin nan a rediyo sai ta ce wace irin wauta ce wannan, mutum ɗaya yana aikin coci guda. Oleta ta ce ai ta ɗauka Mama ba ta jin rediyo. Uwar ta ce ba ta ji, sai dai in ta je aron gishiri gidan Birdie ta tarar akwatin a kunne.

"Gishirin da uwarki ta ara ranar Asabar da tsakar rana," in ji Birdie, "da tara shi take yi, da ya cike rijiya."

Dariya ta ƙwace wa Oleta, irin wadda aka hana ta fiye da shekara biyu. Ta yi har tari ya kama ta. Uwar ta ɗora mata hannu a baya, daidai inda haƙarƙarin suka ɓace, ba ta ɗauke ba sai da tarin ya lafa.

A hanyar komawa Kawu Dewey ya tambaye ta ko ta yarda da labulen. Ta ce a'a. Ya tambaya ko ita kaɗai za ta yi. Ta ce a'a. Ya ce to shi kansa ya ɗaure. Ta ce ya dai zo da tuffarsa.

Ranar Asabar ta ƙarshen wata zaure ya cika tun kafin rana ta take. Masu zuwa shirin nan ba 'yan birni ba ne na gaske. Mutanen kwari ne da suka sauko cin kasuwa da ƙwai da taba, da waɗanda talauci ya koro zuwa masaƙun birni, mata da audugar aiki a gashi, maza da hula a gwiwa. Manyan kamfanin fulawa biyu suna layin gaba cikin kwat. Mista Pruitt ya sa an ajiye makirufo a bayan labule ko da za a buƙata, ya shige ɗakinsa na gilashi yana share gumi.

Da aka kira sunanta zauren ya ɗauki tafi. Ta fito, amma ba ita kaɗai ba. Hannun Nadine ta riƙo ta jawo ta har gaban jama'a, yarinyar tana neman inda za ta manna cingam. Oleta ta jira tafi ya kwanta, sannan ta matsa bakin makirufo.

"Kun ji na yi ciwo, gaskiya ne. Huhu ɗaya gare ni yanzu. Kalmar nan da kuka zo ji, ba zan iya riƙe ta ni kaɗai ba, kuma ba zan yi muku ƙarya in ce na iya ba. Amma na ga fuskokinku, na san inda aka goye ku. In na ajiye, ku ɗauka. Kun san dokar."

Ta cikin gilashi ta ga Mista Pruitt ya dafe kai. Ta kaɗa jita, Kawu Dewey ya shigo da goge. Ta yi baitocin a natse, mace a baranda, hadari yana haɗowa. Da ta zo ƙarshe sai ta yi yadda dattijo yake yi, ta jefa musu layin da sauri, dawo gida kafin ruwa, sannan ta cika abin da ya rage mata na ƙirji ta kama.

Tsohon ya ajiye goge ya ciro tuffa. Ta ja iya inda za ta iya. Da ta ji ƙasan iskar, ba ta matsa ba. A gaban jama'a, a gaban masu kwat, ta rufe baki.

Muryar Nadine kaɗai ta rage, tana rawa don tsoro. Zauren ya yi tsit. Ba a taɓa cewa su yi waƙa a wannan wuri ba, an saba ɗaga musu allo ne in lokacin tafi ya yi. Oleta ta ja iska a hankali tana jin iskar yarinyar ita ma ta kusa ƙarewa. Sai daga can baya wata tsohuwa mai kwandon ƙwai a cinya ta ɗauka, da wata murya mai kaifi kamar ta tsohuwar ƙofa. Na kusa da ita ta shiga. Wani ƙato mai baƙin kwal a wuya ya sa tasa daga ƙasa. Kafin ɓawon tuffa ya kai rabi zauren gaba ɗaya ya kama kalmar, wasu suna lanƙwasa ta sama, wasu ƙasa, kowa da irin ta cocinsu, ba mai yin numfashi tare da maƙwabcinsa. Nadine ta saki ta huta. Oleta ta sake shiga ta bi ta saman su duka, ta sauka, ta sake hawa.

Mai gabatar da shiri ya manta da raɗa. Kawu Dewey ya gama fere tuffa, ya gatsa, ya duba ya ga ba mai niyyar tsayawa. Ya cinye ta har ƙwallo. Ya laluba ɗaya aljihun ya ciro wata. A nan ne Oleta ta ɗaga hannu sama da kafaɗa ta sauke, kalmar ta kwanta a hankali kamar ruwan da ya gama zuba.

Ba a yi tafi nan da nan ba. Mutanen coci ba su saba tafa wa kansu ba. Tsohuwa mai ƙwai ce ta fyace hanci da ƙarfi, aka yi dariya, sannan tafi ya ɓarke.

Bayan shiri Mista Pruitt ya same ta a bayan dandali tana zaune a kan akwati tana mayar da numfashi. Ya ce ta rage masa kwana. Ya ce ƙaramin cikin masu kwat bai so ba, yana cewa wannan ba shi ne abin da suka saya ba. Amma babban, wanda ashe shi ma a wani kwari aka yanke masa cibi, ya tambaya ko za a iya yin haka kowace Asabar.

"To ni wa zai biya mini duk waɗannan mawaƙa?"

"A ba su fulawa, yallaɓai."

Gurbinta ya zauna. Ba ta sake yawon tanti irin na da ba, jiki ba zai ɗauka ba, kuma wasu da suka saba da tsohon faifai sun ce Oleta ta da ta fi. Ta bar su da ra'ayinsu. Ta yi shekaru masu yawa a gaban makirufon nan da huhunta ɗaya, har Nadine ta yi nata suna ta tafi, har wata ta zo, ita ma aka koya mata dokar. An ce a gidajen kwari ma, in ta rufe baki, na bakin tebur sukan ajiye cokali su riƙe mata.

Labarin waccan Asabar a Possum Fork kuwa, a bakin 'Yar'uwa Birdie ta ji shi. Delphia ta zo aron gishiri kamar kullum, ta tsaya a bakin ƙofa da kofinta, ta ƙi zama. Da aka zo kan kalmar, Birdie ta rantse ta ji wata murya a bayanta ta shiga, ƙasa-ƙasa, daidai inda Oleta ta saki. Da aka gama ta juya, ta tarar fuskar nan a ɗaure kamar ba a yi komai ba.

"Yau dai ta yi numfashi a inda ya kamata," in ji Delphia.

Ta juya ta kama hanyar gida, ta manta kofin a kan taga, ko gishirin ba a zuba ba.